Hannun Kawu da Wayar Kwali

In ka bi titinmu daga gidan mai zuwa kwanar makaranta, duk allon shagon da ka ga fentinsa ya koɗe amma har yanzu yana karantuwa daga tsallake, to aikin kawuna ne. Yayan mahaifiyata ne. Mai Burushi ake ce masa, kuma sunan ya bi shi har wasu sun manta yana da wani. Shekara talatin da takwas ya yi yana rubuta wa mutane sunayen shagunansu.

Ina ƙarama, in an tashe mu daga makaranta, a shagonsa nake yada zango. Ɗaki ɗaya ne mai warin fenti da kananzir, gwangwanaye jere a kan katako, burusai tsome a cikin kwalabe. Amma ba a ciki yake aiki ba. Waje yake fito da allon, ya jingine shi da bango, ya ɗauki alli ya zana haruffan sama-sama, sannan ya kira mai shagon ya ce, "Tsallaka titi ka karanta min." Mutum ya tsallaka, ya dawo ya ce wannan harafin ya yi ƙanƙanta, ko a ɗaga hoton almakashin sama kaɗan. Sai Kawu ya miƙa masa tsumma. "Goge abin da bai yi maka ba. Alli ne, ba ya jin ciwo." Masu wucewa ma su tsaya su sa baki, har wanda bai iya karatun ba sai ya faɗi nasa. Sai kowa ya gama surutunsa sannan Kawu zai buɗe gwangwanin fenti. Daga nan kuma ba mai ƙara cewa uffan, domin in ya ja layi da burushi ko rula sai ta ji kunya.

Ni kuwa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Rubutuna tun ina aji uku yake yadda yake, kuma Kawu bai taɓa gajiya da tuna min ba. In na kawo masa littafina sai ya riƙe shi nesa da fuska ya ce, "Uwata, kaza ce ta bi ta nan ko ke ce?"

Sai injin buga allo ya shigo titinmu. Ka kai suna da safe, da rana a miƙo maka shi a kan leda mai sheƙi, har da hoton da ka ga dama. Aikin Kawu ya ragu amma bai mutu ba, don akwai masu son na hannu. Abin da ya ba mu mamaki shi ne yadda shi kansa ya canza daga baya. Ya daina fito da allo waje. Ya rataya labule a ƙofar shago, in ka zo sai ka yi sallama ka jira ya fito. Aikin kwana biyu ya koma na sati biyu. Can gaba ma in an kawo aiki sai ya ce a kai wa masu inji, tunda su ake yayi. Muka ce fushi yake da zamani, muka ƙyale shi.

Ni a lokacin na gama karatu na samu aiki a wani ƙaramin ofis, ɗaki ɗaya a saman shagon masu taya. Mu uku ne. Akwai Manaja, mace ce da ba ta da mugunta ko kaɗan, sai dai ba ta yarda da ɓata minti ɗaya ba. Akwai Dogo, shi ke gina manhajar a kwamfuta, yana zaune a naɗe don teburin ya yi masa gajarta. Ni kuma aikina in tsara fuskar manhajar: in ka buɗe wayarka me za ka fara gani, ina za ka danna, in ka danna ina zai kai ka.

Kafin Dogo ya taɓa kwamfuta, wayar ƙarya muke yi. A yanka kwali daidai girman waya, a zana kowane shafi a kan takarda, a zaunar da mutum a ce masa, "Ga waya, nemo mana kaza." Ya sa yatsa ya danna takardar kamar gaske. Ni ce injin: in cire wannan shafin in ɗora na gaba, bakina a rufe, ko ya ɓata hanya ba zan ce masa komai ba. Manaja tana gefe da littafinta tana rubuta duk inda ya yi tuntuɓe. Dalilin mai sauƙi ne. Takarda in ba ta yi ba, ka yage ka sake a minti biyu. Abin da Dogo ya gina kuwa in bai yi ba, sati biyu ne suka tafi, ga Dogo yana cin magani har ƙarshen wata.

Bara wani ƙaramin asibiti na masu hawan jini da ciwon suga ya ba mu aiki. Suna son manhajar da marasa lafiyarsu za su riƙa zaɓar ranar ganin likita, ta kuma tuna musu lokacin shan magani. Yawancinsu dattawa ne. Na zana shafukan da hannuna, na gwada da mai gadin gininmu don shi ma ya manyanta. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya tambaye ni cikin ladabi ko ta wane gefe ake riƙe ta.

A satin ne Mama ta tare ni ina cire takalmi. Ta ce, "Yayana zai ruɓe a zaune. Kullum yana bayan labule shi da rediyo suna musu. Ke ba zane kuke yi a wurin aikin naku ba?"

Na kai wa Manaja maganar, na ce dattawa suna bukatar rubutun da zai karantu, ni kuma ga wanda ya fi kowa iya rubutu a garin nan. Ta dube ni ta saman tabarau. "Wata ɗaya," in ji ta. "In littafina ya cika da abin gyara, ya zauna. In bai cika ba, ke za ki sallame shi da bakinki, ba ni ba."

Na amsa da sauri, amma a kan matakala na gane nauyin abin da na ɗauka. Wannan ne aiki na ƙarshe da ya rage wa mutumin da ya koya min riƙe fensir, kuma in abin ya ƙi, ni ce zan tsaya a gabansa in ce masa ya koma bayan labule.

Ya zo ranar farko da rigarsa mai kyau, an goge ta har tana tsayawa da kanta. Dogo ya miƙe ya ba shi kujera. Kawu ya zaga ɗakin hannayensa a aljihu, ya tsaya gaban zanena da na liƙa a bango. "Ashe kazar tana nan da ranta," ya ce. Dogo ya yi dariya har ya buge gwiwa da tebur. Manaja ta zuba masa shayi, ya ce ya sha a gida. Na yi masa bayanin shafukan, guda tara, na farkon mai madannai takwas. Ya saurara tsaf, sannan ya ce, "Ba ni in tafi da su. Ba na aiki ido yana kaina."

Mutumin da na tashi ina ganin rabin titi a kansa yana aiki ne yake faɗar haka. Ya kamata in ji wani abu, amma hankalina yana kan ranar gwaji.

Kwana huɗu ya yi. Abin da nake yi a minti goma ke nan. Ya kawo su a naɗe cikin farin ƙyalle, ya buɗe a kan tebur, muka matso muna kallo. Kowane madanni da inuwarsa, kowane harafi a tsaye kamar an auna shi da ma'auni. Ya zana ƙaramar kwalbar magani har da hasken da ke jikin gilashinta. Dogo ya ce a bar shi ya ɗauki hoto. Ni kuwa kaina ya kumbura, ina kallon Manaja ina jira ta yaba. Ba ta yaba ba, ta ce dai, "Allah ya sa su taɓu."

Ranar Talata da safe muka je asibitin, aka ba mu tebur a baranda da dattawa shida. A cikinsu akwai wata tsohuwar malamar makaranta, kowa Malama yake ce mata, tabarau rataye a wuya da zare. An gargaɗe mu a kanta, wai har ma'aikatan jinya take gyara wa magana. Akwai kuma wani tsohon direban babbar mota mai murya kamar yana magana daga cikin tanki. Kawu ya tsaya a jikin ginshiƙi, hannu a aljihu.

Na farko da ya zauna, sai da ya goge yatsarsa a riga kafin ya taɓa takardar. Ta biyu ta ƙi taɓawa sam, ta riƙa nuni daga nesa kada ta ɓata. Direba ya danna tsakanin madannai biyu, ni kuma, injin da aka ce kada ya yi kara, na yi masa kara na ɗora shafin da na san yake nufi. In mutum ya ɓata hanya muka tambaye shi me ya rikita shi, sai ya ce, "A'a, laifina ne, idon ne ya tsufa." Malama da muke tsoro ta zauna, ta bi shafi uku, ta tsaya, ta ɗaga kai ta dubi Kawu. "Tubarkalla," ta ce. "Ba abin da zan ce."

Muna tattara kaya na koma ɗauko kwalin da na manta, sai na ji murya a bayan ƙofa. Direba ne yake tambayar Malama ko ta gane.

"Ina fa," in ji ta. "Ko ranar ganin likitan ban samu ba. Amma ka ga aikin nan? Bawan Allah ya zuba ransa a ciki, ga shi tsaye yana kallona. Da wane bakin zan ce bai yi ba?"

A mota Manaja ta miƙo min littafinta a buɗe. Layi biyu ne a ciki, ɗayan ma kwanan wata ne. Kawu ya riga ya sauka a kwanarsu, don haka ta yi magana ba ɓoye-ɓoye. "Ba wanda zai soki abin da ya ga an gama. Kin fi kowa sani. Litinin za mu koma. Ko dai ya zauna a gabansu ya zana musu sama-sama, su soka ya sake nan take, ko kuma mu yi haƙuri da juna."

Ina da saurin fushi, wannan ba sai an gaya min ba. Kuma na fi yin fushi in na san laifin nawa ne. Da la'asar na nufi shagon Kawu ina tafe ina shirya magana, ban yi sallama ba na yaye labulen. Tun kafin idona ya saba da duhun ɗakin na fara: "Kawu, ka ja min. Ba gasar zane muka shiga ba. Kwana huɗu ka riƙe mana aiki don a ce ka iya, ai kowa ya san ka iya, sai me..."

Sai na gani.

Yana zaune ya ba ƙofa baya. Ya ɗora wata 'yar jaka cike da yashi a kan wuyan hannunsa na dama, ya danne ta da na hagu, ga rula an maƙale ta a tebur da ƙusa biyu. Duk da haka bakin alƙalamin yana rawa. Da ya ji muryata ya zare hannun da sauri zai kai aljihu, jakar ta faɗi, hannun ya tsaya a fili yana karkarwa, shi kuma yana kallonsa kamar na wani. Kwandon da ke gefensa cike yake da takardu a dunƙule. Na ɗauki ɗaya na warware. Shafinmu na farko ne, layukan sun karkace, haruffan suna hawa kan juna. Na ɗauki wata, shi ne dai. Kowane shafi mai kyau da ya kawo mana, ya lalata wajen ashirin kafin ya samu.

Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, na kuma ji tausayinsa. Na nemi wuri a kan gwangwanin fenti na zauna.

"Tun yaushe, Kawu?"

"Shekara biyu da wani abu. Da farko sai na gaji yake yi. Yanzu ko ban gaji ba."

"Ka je asibiti?"

"In je su ce min me? Su rubuta a takarda cewa hannun Mai Burushi ya tashi aiki?" Ya sunkuya ya ɗauki jakar yashin. "Gara a ce inji ne ya kore ni, Uwata. Inji ya kori mutane da yawa, ba abin kunya ba ne."

Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, halin uwata na ɗauko. Rediyo yana ta surutunsa shi kaɗai. Na so in tashi in tafi in bar maganar a nan, amma Litinin tana zuwa ko na faɗa ko ban faɗa ba. Sai na gaya masa abin da na ji Malama ta ce a bayan ƙofa, ban rage ko kalma ɗaya ba.

Ya juyo gaba ɗaya. "Ba ta samu ranar ba?"

"Ba ta samu ba. Babu wanda ya samu."

"To ai ɓarnar fenti na yi," ya ce a hankali. "Allon da bai kai mutum ƙofa ba, ɓarnar fenti ne."

Na shimfiɗa dunƙulalliyar takardar a kan gwiwata na nuna masa. "Irin wannan nake nema. Alli nake so, Kawu, ba fenti ba. Ka zauna a gabansu kamar yadda kake yi a bakin titi, su ce bai yi ba, ka sake."

"Allin nan da lafiyayyen hannu nake yin sa. Yanzu so kike in ɗora wannan a tebur mutane su kalla?"

Na mayar da takardar cikin kwandon, na miƙe. Ya juya ya ci gaba da gyara rularsa. "Ja min labulen in kin fita," ya ce. "Kuma uwarki ba ta ji wannan ba."

Kwana biyar na yi ina cin abinci da Mama ina kallon kwano. Kullum sai ta tambaye ni ya aikin yayanta, in ce lafiya lau. Ban koma shagon ba, shi ma bai zo ofis ba. Na shirya kalmomin sallamar a raina sau ba adadi, babu wacce na ji zan iya furtawa.

Litinin ƙarfe tara muna barandar asibiti, dattawan nan shida sun dawo, Kawu babu labari. Manaja ta duba agogo sau biyu, ta ce in fara da nawa zanen. Na ɗora wa Malama shafin farko, ta sa tabarau, ta cire, ta goge, ta mayar. Ana haka Dogo ya taɓa ni da gwiwar hannu.

Kawu ne yake tahowa, ba da gogaggiyar rigar ba, da tsohuwar rigar aikinsa mai ɗigon fenti kala-kala. Ya gaida mutane, ya ja kujera kusa da Malama, ya ture zanena gefe da bayan hannu. "Ɗauke kazar nan," ya ce min. Sannan ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji: "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ya zaro hannun daga aljihu ya ɗora a kan tebur, a fili, gaban kowa. Ya ciro alƙalami mai kaurin baki, ya cire murfin da haƙori. Na ɗora masa farar takarda a kan kwalin. Ya fara jan layi. Layin ya tafi yana lanƙwasa, ya kai kwana ya wuce, ya dawo. Akwatin farko ya fito a karkace, ƙato, ya ci kusan sulusin takardar. Ya rubuta a ciki da manyan haruffa masu rawa, amma suna karantuwa, domin ko da rawa hannun ya san inda kowane harafi yake zama. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Manaja ta sunkuyar da kai kan littafinta. Dogo ya samu abin kallo a rufin baranda.

Malama ta kalli hannun. Ta ɗora nata a kan tebur kusa da nasa, yatsun duk sun kumbura a gaɓoɓi, ta jawo kwalin gabanta.

"Malam, wannan da ka rubuta 'tsarin ziyara', ziyarar wa? Ni ba ziyara nake zuwa ba, likita nake zuwa gani."

Kawu ya dube ni, na ce haka muka rubuta masa.

"To ba haka ake cewa ba. Ba ni alƙalamin."

Ta karɓa ta soke, ta rubuta "Ganin likita" a sama. Kawu ya yage takardar ya sake wata. Ta danna, na ɗora shafin ranaku, shi ma nan take ya zana shi. Ta ce me ya sa aka sa lambobi kawai, ita da sunan rana take lissafi, ba da lamba ba. Ya yage ya sake. Direba da layi bai zo kansa ba ya jawo kujerarsa ya matso, sauran ma suka taso suka zagaye tebur. Wadda ta ƙi taɓa takarda ranar Talata yanzu ita ce take dangwala yatsa tana cewa a kai wannan ƙasa, babban yatsanta ba ya kaiwa sama.

Dogo ya leƙo ta saman kawunansu. "Kawu, madannai takwas ne a shafin farko. Uku kawai ka sa, wuri ya ƙare."

"Hannuna ba ya iya ƙarami," in ji Kawu, bai ɗago ba.

"Namu ma ba ya iya danna ƙarami," in ji Direba. Ya ɗaga yatsarsa mai kauri ya nuna wa Dogo. "Wancan satin, madannai biyu na danna a lokaci ɗaya, yarinyar nan ta rufa min asiri. Wayata ta gaske ba ta rufa min. Bar su uku."

"Sauran biyar ɗin fa?"

"Su bi layi," in ji Malama. "Mu ma layi muke bi."

Kawu ya yi dariya, irin wadda na manta yana da ita. Wani dattijo ya ja baki zai soki wani shafi, sai ya dubi hannun ya fasa. Kawu ya lura, ya tura masa alƙalamin. "Soke, Malam. Takarda ce, ba ta jin ciwo."

Awa biyu muka yi. Ƙasan tebur ya cika da yagaggun takardu, sai da muka ari tsintsiya. A ƙarshe muka sake gwadawa daga farko, mutum shida, ɗaya bayan ɗaya, ni ina injina bakina a rufe, wannan karon ba kara. Biyar suka samu ranarsu ba wanda ya taimake su. Na shida ya ɓata a shafin magani, ya kuma faɗa da bakinsa cewa shafin ne bai yi ba, bai ce idonsa ba ne.

A mota na saci kallon littafin Manaja, shafi goma sha ɗaya ta cika. Muka kai kwanar su Kawu. Yana buɗe ƙofa ta ce, "Kawu, Laraba muna da wasu shida, ƙarfe tara. Kada ka makara kamar yau."

"In sha Allah," ya ce, ya sauka. Ni kuwa na juya fuska wajen taga, don ba na son Dogo ya samu abin tsokanata da shi na shekara guda.

Yanzu Kawu yana da kusurwarsa a ofis, da kwandon shara mafi girma a ginin. Shayi ma yana sha, a babban kofi rabin cika, in ya zuba ya goge. Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Akwai ranar da hannun ke ƙin yarda sam, sai ya zama shi ne injin, ni in zana, yana canza shafi yana tsaki. Maganar likita kuwa duk sanda na ɗauko ta sai ya ce aiki ya yi yawa.

Bayan wata uku Dogo ya gama gini, asibitin suka kunna manhajar. Ran nan da yamma na tarar da Kawu a gidanmu, yana zaune a falo Mama tana ninke kayan wanki. Na sauke manhajar a wayarsa na miƙa masa don ya ga aikinsa. Madannai uku ne manya a fuskar. Ya riƙe ta nesa da fuska kamar yadda yake riƙe littafina.

"Haruffan nan ba su da rai," ya ce. "Inji dai inji ne."

Na miƙa hannu zan karɓa, bai ba ni ba. Ya ɗora wayar a kan gwiwarsa, ya ɗaga yatsa. Yatsar ta yi ta yawo a sama, hagu, dama, Mama ta tsaya da zani a hannu tana kallo, karo na farko da ta gani. Sannan ta sauka a kan "Ganin likita", a bugu ɗaya. Shafin ranaku ya buɗe. Ya danna Alhamis.

"Yaya," in ji Mama, muryarta ta canza. "Hannunka."

"Zauna, ƙanwata," ya ce. "Ina da magana."

Ranar Alhamis ni na raka shi. Likita ya ce akwai maganin da zai rage rawar, bai yi alkawarin za ta tafi ba, Kawu ya ce ragin ma ya gode. Da muka dawo muka biyo ta shagonsa, na ga ƙofar a buɗe, haske har kan gwangwanayen fenti. Na tambaye shi ina labulen. Ya ce ya ba Mama ta yanka masa tsumma da shi.